Kara Ya Yi Mini, Ni Kuma Na Ɗauke Masa Gurbin Tsere

Edita, ina yi maka sallama, kai da duk mai bibiyar wannan shafi. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni Bakano ne mai shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina sayo wa 'yan kasuwarmu kayan gyaran babur ina tura musu gida. Ɗakina yana unguwar Sanyuanli, amma yawancin yinina tsakanin unguwar Xiaobei ne da masana'antun bayan gari. Ba ni da wani jari na a zo a gani, bakina ne jarina. Allah ya ba ni saurin ɗaukar harshe, cikin shekara biyu Sinanci ya zauna mini daram, har ta kai duk wanda ciniki ya cije masa ni yake nema in yi masa tafinta. Wannan ya fasa mini kai. Na riƙa jin cewa babu maganar da za ta wuce tsakanin mutanenmu da 'yan ƙasar sai ta bi ta bakina, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya dace.

Ina da amini mutumin Damagaram, makaniken babur, ya girme ni da 'yan shekaru. A wani gidan tuwo a Xiaobei muka haɗu. Tun ranar farko ya ce mini Bakano ko ta'aziyya ya je sai ya taya tabarmar da ya zauna a kai, ni kuma na ce masa Badamagare in ya ga teku sai ya tambayi wanda ya haƙa ta. Daga nan muka ƙulle. Yana aiki ne a wata masana'anta da ke harhaɗa babura don kasuwar Afirka, sun ɗauke shi saboda ya san abin da ke fara lalacewa a hanyoyinmu. Mai masana'antar wani dattijo ne, kowa Lawban yake ce masa, wato maigida, ni ne kuma nake yi masa tafinta in buƙata ta taso. Ya taɓa zama a Turai, ya dawo da son wani irin tseren babur da ya shiga ransa, har ya sa aka gina masa fili a bayan masana'anta, tunda a cikin birnin an hana hawa babur.

Tseren nan, wanda bai gani ba sai ya ce ƙarya nake. Babur ɗin ba shi da birki ko ɗaya, giyarsa ɗaya tal. Filin zagayayye ne mai siffar ƙwai, an shimfiɗa masa jar ƙasa. Mutum huɗu ke fita a lokaci guda, su yi zagaye huɗu, cikin kamar minti ɗaya an gama. In an zo kwana ba a rage gudu, sai dai a karkace babur ya riƙa tafiya a kaikaice, mahayi ya dasa ƙafarsa ta hagu a ƙasa da wani takalmin ƙarfe, ƙura na tashi a bayansa. Na ɗaya ya samu maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a banza. Aminina da gyaran baburan ya fara, daga baya Lawban ya ba shi dama ya riƙa hawa ranar Lahadi. Shekara uku ya yi yana faɗuwa yana tashi, har asibiti ya kwana, ni ina yi masa dariya ina cewa tsufa ya zo masa da hauka. Amma a ƙarshe babu wanda ke kama shi a filin nan sai mutum biyu ko uku. Ya taɓa faɗa mini, ba da wasa ba, cewa burinsa ɗaya ne: ya tsaya a layi ɗaya da ƙwararru ko da sau ɗaya ne kafin ƙarfinsa ya tafi.

Sai ga damar ta zo. Lawban da wasu abokansa suka shirya babbar gasa, suka gayyato mahaya daga ƙasashen waje. Ka'idar irin wannan gasa ita ce, mutum goma sha shida ke shiga. Goma sha biyar sai sun bi ta gasar tantancewa, kowa ya ci gurbinsa da guminsa. Na goma sha shida kuwa gurbin alfarma ne, masu shirya gasa ke ba wanda suka ga dama, yawanci wani na gida da ya cancanta amma sa'a ta kuɓuce masa. Baƙin sun riga sun yi tasu tantancewar a ƙasashensu, saura gurbi uku aka ware wa mazauna nan, aka sa rana.

A nan ne ƙanin matata ya shigo labarin. Saurayi ne da ke karatu a wata jami'a a birnin, surukina ya damƙa mini amanarsa. Ni na fara kai shi filin kallo, ya gani ya ƙyasa, ya shiga hawa na 'yan watanni. Yana da zuciya, ba ya tsoro, amma hannunsa bai faɗa ba, kuma rabin abin da ya kai shi hoto ne da zai tura wa abokai. Ranar tantancewa shi ma ya shiga, ya ƙare can ƙasa. Aminina kuwa ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Saura masa fita ɗaya, in ya zo ko na biyu ne ya samu shiga. Yana gaba, ya sha kwanar ƙarshe, sai sarƙar babur ɗinsa ta tsinke. Ya tura babur da hannu ya ƙarasa layi, mutane na tafa masa, ya zo na huɗu a jimilla. Gurbi uku ake nema.

Kowa a filin ya san inda gurbin alfarma zai tafi. Ni ma na sani. Amma a makon nan wayata ba ta huta ba. Ƙanin matata ya riga ya faɗa wa gida cewa Yaya ne tafintan mai gasar, magana ɗaya zai yi a ba shi. Matata ta kira, surukata ta kira tana sa mini albarka tun kafin in yi komai. Ni kuma akwai abin da ke cina a rai, domin tun da na yi aure nake jin kamar dangin matata suna ganin zamana a waje bai tsinana musu komai ba. Na so su ga cewa ni ma wani ne. Ban ce musu zan yi ba, ban kuma ce ba zan iya ba, kuma wannan shirun shi ne farkon zamewata.

Lawban ya kira mu ofishinsa da hantsi, ni da aminina da ƙanin matata, tunda su biyu ne 'yan Afirka da suka shiga tantancewar, kuma yana son gurbin ya tafi Afirka. Ya zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofunan nan nasu, ya dubi aminina ya tambaye shi ko yana son gurbin. Na fassara. Aminina ya dubi ƙanin matata da ke zaune ya ƙura masa ido, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Sai ya ce ai ga ƙaninmu nan, yaro ne mai tasowa, a ba shi, shi ya riga ya ci zamaninsa. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wannan magana. Kara ce. Ba zai iya buɗe baki ya ce a ba ni a gaban ƙanin matar amininsa ba. Abin da ya rage a kaina shi ne in ce haba, wane irin zance ne wannan, kai ka sha wahalar, kai za ka hau. Shi ya yi nasa, saura nawa. Na san haka sarai, amma na juya na gaya wa Lawban cewa ya ce a ba yaron.

Dattijon bai gamsu ba, domin su ma suna da irin wannan al'ada ta ƙin karɓar abu a karon farko. Ya tambaye ni kai tsaye ko kunya ce kawai ta sa ya faɗi haka. Wallahi har yau ina jin muryata a lokacin. Na ce masa a'a, mutanenmu abin da suka faɗa shi suke nufi. Ya sake tambaya, sai na ƙara da abin da aminina bai taɓa faɗa ba, na ce gwiwarsa ce ke damunsa, yana tsoron kada ta ba shi kunya a gaban baƙi. Lawban ya gyaɗa kai, ya rubuta sunan ƙanin matata. Aminina ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya koma bakin aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Aminina ne ya ɗauki sifana ya kwance babur ɗin da yaron zai hau, ya sake ɗaure shi ƙusa bayan ƙusa. Kullum da yamma yana tsaye a bakin fili yana koya masa yadda ake sakin kuloci da inda ake dasa ƙafa. Bai fasa tsokanata ba, bai canza mini fuska ba. Ranar gasa yana tsaye a rumfar makanikai da rigarsa mai baƙin mai, yana kallon ƙwararrun da ya yi shekara uku yana mafarkin karawa da su suna wucewa ta gabansa. Ƙanin matata ya fita sau biyar, sau huɗu ya zo na ƙarshe, sau ɗaya ya faɗi, Allah ya tsare bai ji ciwo ba. Ya samu hotunansa, gida aka yi ta murna, aka yi ta yaba mini. Bayan wata biyu ya daina zuwa filin gaba ɗaya, ya koma ƙwallo.

Na riƙa lallashin kaina da cewa baɗi ma rana ce, zan tsaya tsayin daka aminina ya samu. Baɗin ba ta zo ba. Lawban ya kwanta rashin lafiya, 'ya'yansa suka karɓi masana'antar, suka mai da filin wurin ajiye kwantena. Ba su sabunta wa aminina takardar aiki ba, ya tattara ya koma gida. Ni na raka shi filin jirgi, na rungume shi, muka rabu.

Sai bayan shekara biyu, da na zo hutu Kano, na hau mota na tafi Damagaram. Na same shi a garejinsa bayan la'asar, furfura ta fito masa, yana gyaran wani tsohon babur. Bayan mun gaisa ya gama yi mini tsiyar Kanawa, na ce masa na zo ne da magana, na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe yana goge hannu da tsumma. Sai ya ce ai ya sani tun a ranar. Ya ce mutumin da ya yi shekaru a cikin ma'aikata ko bai iya mayarwa ba yana ji, kuma kalmar gwiwa ya san ta tun kwanciyarsa a asibiti. Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce da ya ƙaryata ni a gaban Lawban, da na rasa mutuncina da aikina a wurin, kuma shi ba zai iya tozarta ni a gaban ƙanin matata ba. Ya ce ya yafe mini tun kafin ya sauko daga benen ofishin.

Abu ɗaya kawai ya ce yana so ya sani, ko da gaske dattijon shi ya so ya ba, ko dai tambaya ce kawai ta fita haƙƙi. Na so in ce ban sani ba, amma na gaji da ƙarya. Na faɗa masa cewa bayan fitarsa daga ofis a ranar, Lawban ya buɗe durowa ya nuna mini rigar tseren da ya riga ya sa aka ɗinka, da sunansa a baya da tutar Nijar a ƙirji, ya ce in kai masa ko don tunawa. Na karɓa na ɓoye ta a ƙasan akwatina, saboda na san in ya gan ta zai gane komai. Na ciro ta daga jaka na miƙa masa. Ya buɗe ta, ya daɗe yana kallon sunansa, ya sa yatsa yana bin haruffan. Wannan mutum da na ga ya karye a filin tsere bai yi ko uhum ba, sai ga hawaye na bin gemunsa. Ya ninke ta ya shiga da ita ciki.

Abin da na koya, Edita, ya zo mini a makare. Na gane cewa mai yi maka kara ba sakar maka haƙƙinsa ya yi ba, ajiya ya ba ka, yana jiran ka mayar masa da mutunci. Na kuma gane cewa yafiya tana wanke mai laifi a wajen wanda ya zalunta, amma ba ta dawo da abin da ya wuce. Ina kira ga 'yan'uwana da ke zaune a ƙasashen mutane, musamman masu tafinta da duk wanda ake jin maganarsa wajen zaɓen wanda za a ba wata dama: kada son burge dangi ya sa ku karkatar da abin da kuka san mai shi. In mai kunya ya ce a ba wani, ku dubi fuskarsa, ku sake tambayarsa, ku matsa masa har sai ya karɓi abinsa. Ni na samu yabon surukai na mako guda. Aminina kuwa shekarunsa sun wuce na hawa, kuma minti ɗayan nan da ya roƙi Allah ya ba shi, Allah ya ba shi, ni ne na tare.