Jan Zaren Inna a Bayan A-kori-kura

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, abu ɗaya ne ke fitar da mahaifiyata daga ɗaki, wato kajinta. Ita tana Abaji, ni ina aikin gwamnati a cikin Abuja. In kajin suka isa sayarwa, sai in je ranar Asabar in loda kejinsu a tsohuwar a-kori-kurar da Baba ya bari, in rufe da tampol saboda rana, in kai wa wani dillali a kasuwar Wuse. Mace da mayafi a kan sitiyarin a-kori-kura, tun masu kallo na nuna ni har suka gaji.

Da bazara ta kankama, sai na fara isa da matattu. Abin haushin, kullum na gaba ne ke mutuwa, waɗanda ke manne da bayan gidan direba. Nan ne kuwa Inna ke ajiye mafi ƙiba da hannunta, wai kada iska ta buge su. Da abin ya maimaitu na faɗa mata a waya.

Ta ce, "Ke, ba asarar ce ta dame ni ba, alhakin ne. Dabba ta mutu tana haki a hannuna, me zan ce wa Allah? In waɗannan suka tafi, na rufe akurkin."

Na san in ta rufe akurki ɗaki za ta koma, ita da carbi da tunani. Na ce, "Inna, ki ba ni zuwa lodi na gaba."

Ina da wata ɗabi'a da 'yan gidanmu suka mayar abin tsokana, kallon tseren motoci a talabijin. Inna cewa take mutane na zagaye wuri ɗaya suna ƙona mai, ni kuma ina tafa musu. To a wannan kallon banzan na san cewa masu ƙera motocin nan ba sa barin iska ta bi inda ta ga dama. Fukafukan da ke gaba da baya suna sa iska ta danne motar a ƙasa. Ramin da ke saman kan direba da na gefe kuwa bututu ne, suna kamo iska su kai ta inda inji ke bukata. Har na taɓa ganin yadda ake manna guntayen zare a jikin mota don a ga hanyar da iska ke bi.

Na saci jan zaren da Inna ke saƙa hular jarirai, na ɗaɗɗaura a jikin kejin ba kaji, na hau titi ina leƙen madubi. Zaren can baya yana ɗan motsi, na gaba kuwa kwance yake ko gezau. Ashe gidan direba ne ke tare iskar, ta haye ta kansa ta wuce, wurin da muke ɗauka mafi aminci ya zama tanda.

Na tafi wurin wani mai walda a Kurudu, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, da rabin durom na roba. Na ce ya girke min shi a saman gidan direba, bakinsa na kallon gaba, wuyansa ya lanƙwasa zuwa cikin tampol. Ya dube ni, ya dubi motar.

"Madam, wannan mota ya tsufa fa. Kana so ya tashi sama ne? Oga ya san kana sa masa hula?"

Na ce, "Ni ce ogan. Sa hular."

Na fita gwaji ina hura hanci. Ban yi nisa ba tampol ya kumbura kamar alkubus, zaren gaba kuwa ɗan rawa kawai ya yi ya sake kwanciya. Na faka a gefen hanya, na yi kukan takaici har na gode wa Allah. Da na share fuska na zagaya motar, sai na ga bayan tampol ɗaure tamau yadda na saba ɗaure shi. Motocin tseren da nake taƙama da su duk suna da ramuka ta baya inda iska mai zafi ke fita, ni na buɗe mata ƙofar shiga na kulle ta fita. Na kwance igiyar, na naɗe bayan sama, na koma titi. Zaren ya miƙe tsaye.

Ranar lodi Inna ta ce ƙafata ƙafarta. Muka tashi da sassafe. Tun daga Abaji wuyanta a juye yake, tana kallon zaren ta gilashin baya. Wajen Gwagwalada muka tarar da cunkoso, mota ta tsaya, iska ta tsaya.

Inna ta ce a hankali, "Ke, zaren ya kwanta."

Da hanya ta buɗe na taka mota, ta ce, "Ya tashi." Haka muka tafi har Wuse.

Kafin dillalin ya ƙaraso ta riga ta sauka. Ta zura hannu a kejin gaba tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, duk da ransu. Mafi ƙibar ta kai mata sara a yatsa. Inna ta janye hannu tana dariya, dariyar da ban ji ba tun ranar da aka fita da Baba.

Ta ce, "In za mu koma, ki bi ta wurin masu 'yan tsaki."

Har yau in na ga tirela da wannan lanƙwasasshen rufin a saman kanta, mai ture iska ta haye kaya, ko na zauna kallon tsere, zaren nan nake tunawa. Na koyi in daina rantsewa a kan abin da ban gwada ba, ko da kowa a gida ya yarda da shi. A-kori-kurar ta daɗe da mutuwa, amma akurkin na nan, har an ƙara masa ɗaki. Tsokanar ma ba ta daina ba, sai dai yanzu in an fara tsere Inna takan leƙo ta ce, "Wanne ne namu?"