La'asar ɗin Inna Ige a Kanisa

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen sanyi, shekarar da nake aji biyar, ana gab da gama tsintar auduga, lorin da makarantarmu ta ɗauko daga Hasahisa ya tsaya a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ta raba ƙauyenmu da gonaki. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma rabin gari ya fito kallo. Maza uku suka cicciɓi kakata Inna Ige suka ɗora ta a bayan lori kamar buhun dawa, tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan uwarsa, mutane na ta dariya. Aka miƙo mata tukunyar dambu da ƙunshin ƙuli-ƙuli da butarta ta alwala. Umdurman muka nufa, za mu yi wasan kwaikwayo a gasar makarantu, kuma ni ne babban ɗan wasa. Ita kuwa an zaɓe ta ne don ta kula da 'yan matan da ke cikinmu, saboda duk ƙauyen ba wanda iyaye suka yarda da shi kamarta.

Inna Ige a goye ta shigo yankin Jazira na ƙasar Sudan. Iyayenta sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka kama ƙodago a gonakin auduga, ba su ƙara gaba ba. Larabawa suna ce mata Hajja, kamar yadda suke ce wa kowace tsohuwar Bahaushiya, alhali ko Khartum ba ta taɓa gani ba. Abin da ya ba ta girma a garinmu shi ne wankan gawa. Duk macen da ta rasu, kafin a gama salati an aiko yaro gidanmu. Tana da wani kwanon sha na tasa da ba wanda ya isa ya taɓa, da busasshen ganyen magarya a tsumma, da kafur, da sabulun da ba a wanka da shi. Ba ta karɓar komai, ba kuma ta taɓa faɗin abin da ta gani a jikin mamaciya ba. Tsofaffin mata sukan tare ta a hanyar rijiya su ce mata, "Ige, ke za ki wanke ni, kar ki riga ni."

A gida kuma abokiyar wasana ce. Sunan mijinta marigayi na ci, saboda haka ba ta faɗin sunana, Maigida take ce mini. Takan ce na bar ta ba cefane, in ce ta tsufa na sake ta. In na dawo daga kai wa Baba abinci hawasha, wato gonar da gwamnati ta ba shi riƙo, ko daga korar tsuntsaye a dawa, sai in ɗaura zanen Umma, in ranƙwafa, in riƙa tafiya irin tata ina dafa gwiwa, ina karya Larabci yadda take karya shi. Ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta biyo ni da muciya. Ba wanda ya taɓa tsawata mini, ai wasan jika da kaka ne. Ni kuma ba ni da hankalin da zan gane cewa wasan nan na cikin gida ne. Wata rana ina yi wa yara a filin makaranta, malaminmu na Larabci, Ustaz Babikir, ya gani, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Cikin mako guda ya tsara wasa a kan wata tsohuwar Bahaushiya mai sayar da gyaɗa da ta je asibiti ta hana likita sakat.

Ban gaya wa Inna Ige haka ba. Cewa na yi wasan a kan girmama tsofaffi ne. Ta ji daɗi, ta buɗe akwatinta ta fiddo baƙin zanen saƙi na uwarta, wanda ya ratso hanya tun daga yamma, ta ce in ɗaura shi a gaban mutanen birni su ga kayan asali.

Tafiyar nan ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Da muka hau kwalta iska ta riƙa fizge mayafin 'yan mata, muna waƙa muna ɗaga wa motoci hannu. Inna Ige ta raba dambu tun kafin mu kai Kamlin, har direba sai da ta sa aka miƙa masa ta taga. Da muka hau gadar da ke tsallaka kogi zuwa Umdurman ta rufe ido ta damƙe hannuna tana salati, ni kuma ina lura da yadda leɓenta ke rawa, ina ajiyewa a kai don in ƙara a wasa. Muka kwana a ajin wata makaranta. Washegari bayan Juma'a aka kai mu gidan wasan. Kujeru jere-jere har sama, fankoki na juyawa, fitilu sun haske dandamali da rana tsaka, ga 'yan makarantun birni da takalma masu sheƙi. Aka zaunar da Inna Ige a layi na uku, ta gyara zama, ta ɗora butarta a cinya.

Ina fitowa a ranƙwafe da faifan gyaɗa a kai, ɗakin ya ɗauka. Ban taɓa jin dariyar mutane da yawa haka ba, ta shiga kaina kamar hayaƙi. Na yi duk abin da Ustaz ya koya mini, na ga bai ishe ni ba, sai na shiga ƙari. Na yi yadda take fyace hanci da gefen zane. Na yi rawar leɓen nan ta kan gada. Sannan na yi abin da ko a gida ban taɓa yi ba, na kwaikwayi sallarta, yadda take karanta Fatiha da harshenta mai nauyi, yadda gwiwarta ke ƙara in za ta tashi daga sujada, yadda gyangyaɗi ke sace ta a kan carbi. Yara har suna bubbuga kujeru. Da na ga abin ya kai ƙololuwa, sai na miƙe tsaye na nuna ta da yatsa, na ce da Larabci, "In ba ku yarda ba, ga ta nan!" Duk ɗakin ya juyo. Na jira ta zage ni kamar yadda ta saba, mu tashi wasan tare. Ba ta zage ni ba. Ta dube ni, ta dubi zanen uwarta a jikina, ta tashi ta bi ta tsakanin kujeru tana dafa gwiwa, daidai irin tafiyar da na gama yi, aka sake fashewa da dariya.

Da muka gama aka neme ta a waje, ba ta. Ustaz ya rikice, ya raba mu cikin unguwa nema. Ana can ana raba kyaututtuka, aka kira makarantarmu ba kowa, aka wuce. Wani yaro ya zo ya gaya mana, Ustaz ya dalla mini mari a gaban 'yan mata, ya ce wa ya sa ni nuna ta. Na ci gaba da nema kuncina na zafi, zuciyata cike da haushinta. A ganina ita ce ta ɓata mini ranata.

Ni na same ta. A wani lungu na ga butarta a bakin wata ƙofar langa-langa mai gicciye a sama, ana waƙa daga ciki. Kanisa ce, abin da a wasu wurare ake kira coci. Na leƙa a tsorace. Wasu mata 'yan Kudu suna zaune a kan benci suna koyon waƙa, can gefe kuma ƙarƙashin bishiyar dogon yaro an shimfiɗa tabarma, Inna Ige tana kai tana sallar la'asar, ta ba su baya ta fuskanci alƙibla. Wata doguwar mata ta ce mini ta gan ta ne a kan titi tana neman ruwa, jiri na ɗibar ta, lokacin salla kuma na wucewa, shi ne ta jawo ta ciki ta cika mata buta. Da ta sallame ta shafa addu'a, ta yi wa matar godiya da ɗan Larabcinta, matar ba ta yi dariya ba. Muka fito. Abin da kawai ta ce mini shi ne, "Kwance zanen ga, ka ba ni abuna." Ustaz da sauran yara suna daga bakin titi, ba abin da suka gani sai fitowarmu daga ƙofar.

Ranar Asabar muka juyo gida. Tun a lori yara suka fara raɗa, kafin mu sauka ya zama waƙa, Hajja ta shiga kanisa. Baba yana bakin tur'a da sauran iyaye. Ya ji waƙar, ya ga fuskar uwarsa, ya kamo ni ta wuyan riga ya tambaye ni me ya kai ta can, me kuma na tarar tana yi. Na san in na faɗi gaskiya za a gangaro kan abin da ya fitar da ita, na kuma san bulalar Baba. Ga haushin kyautar nan bai sake ni ba. Sai na ce, a gaban kowa, "Waƙarsu ta ji ta bi. Na iske ta zaune cikinsu tana tafa musu." Tana tsaye bai fi taku uku ba. Da ta buɗe baki ta ƙaryata ni, ita za a yarda da ita, ni kuma in ci dukan da ba zan manta ba. Ta ɗauki tukunyarta ta wuce gida.

Labarin wasan ya iso daga baya, bai dami kowa ba, aka ce ai tsakanin jika da kaka ne. Na kanisa kuwa ya zaga gida-gida, kowa da ƙarinsa. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa ta, wasu suka ce wa ya san abin da aka ba ta ta sha. Ba wanda ya faɗa mata a ido, ana gaishe ta kamar kullum. Bayan kamar wata biyu Hansatu matar maƙwabcinmu ta rasu wajen haihuwa. Da hantsi muka ji kuka. Inna Ige ta yi alwala, ta ɗauko kwanonta da ganyen magarya da kafur, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana jiran ɗan aike. Ina tsakar gida ina ba jaki dusa, ina kallon ta. Azahar ta yi, ba a aiko ba. Muka ji maza sun ɗauki makara sun wuce ta bayan katangarmu suna salati. Ashe an tura jaki ƙauyen gaba an ɗauko wata. Ta ƙara zama kaɗan, sannan ta tashi ta mayar da kayan ƙarƙashin gado. Ba a sake aiko mata ba har ta bar duniya.

Ta ci gaba da ba ni tuwo, tana ajiye mini ƙanzo, in na yi zazzaɓi ita ke kwana a kaina. Wasa ne dai ya mutu tsakaninmu. Sai da na shiga sakandare a Madani na sami ƙarfin halin durƙusawa gabanta, na ce zan je masallaci in gaya wa dattawa abin da na gani da idona. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka tahi ka hwaɗa ma wa? Waɗanda sunka ce ni za ni wanke su, duk an wanke su." Na ji sanyi a raina, don dama tsoro nake ji, na ɗauki maganarta a matsayin izinin yin shiru. Shekara biyu bayan haka ta rasu ina makaranta, na tarar an riga an kai ta. Baba ma ya bi ta yana ɗauka uwarsa ta ruɗe ne a birni.

A wancan zamanin kalmar yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ta isa ta rushe mutuncin da tsohuwa ta gina tun ba a haifi ubansa ba, domin gari ɗaya ne, kowa na jin kowa. Yau garin ya watse. Tur'a ta cushe da ciyawa, yaƙi ya kori na kora, waɗanda muka hau lorin nan tare wasu suna Gadarif, wasu sun tsallaka iyaka, wasu ba a san inda suke ba. Ina kewar ƙaramin garin nan da ƙurarsa da tsegumin nasa, ina kewar muryar da ke zagi na daga bakin murhu. Yanzu na yi furfura, in na tashi a masallaci na yi magana ana saurare na. Sai dai ba sauran wanda ya san Inna Ige da zan gaya wa cewa salla na same ta tana yi.