Ranar da Aka Zo Dubiyata Ina Lafiya Lau

Har yau ban manta da ranar da na fara aiki a asibitin koyarwa ba. Ku sababbi ku matso ku ji.

Shekarar da aka rage ma'aikata a wani kamfani a Kudenda, har da maigidana, 'yata Sadiya ta ji asibiti na neman mata masu ɗan karatu su riƙa kwaikwayon marasa lafiya. Ni kuwa na yi ajin yaƙi da jahilci, sai na nema. Aikin shi ne a koya miki ciwo, ki kwanta, ɗaliban likita su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna tambayarki, malamansu na gefe suna ba su maki. Dakta mai kula da mu ta ce gwaji aka ɗauke ni, kuma idan ciwon da aka ba ni ya kai kunnen ɗalibai kafin su shigo, aikina ya ƙare.

Ciwon ciki aka ba ni, na dage ina murƙususu. Ashe maƙwabciyata Maman Bitrus ta zo karɓar maganin mijinta, ta hango ni ta taga. Kafin azahar matan layinmu na Unguwar Mu'azu sun cika ƙofa da fulas ɗin kunu da lemo. Ina kwance ina jin muryarta tana yi wa maigadi faɗa, wai likita bayan likita na shiga suna fita, ba wanda ya yi mini ko allura.

Da aka ba mu hutu Dakta ta fito da ni, fuskarta a ɗaure. Ga ɗaliban da ba su shiga ba a jere kan benci, sun kasa kunne. Maman Bitrus ta rungume ni da hawaye.

"Maman Sadiya, ina ke miki ciwo? Ai na ga kin riƙe..."

Na damƙe hannunta a hankali. "Maman Bitrus, kunun nan da zafinsa? Zuba mini tukuna."

Tana zubawa, Dakta ta kwashe mu zuwa ofis ta rufe ƙofa, ta yi musu bayani. Suka yi ta dariya, wata har tana cewa in biya ta kuɗin mota. Dakta ta sha kunu, ta ce wadda ta ruɗi maƙwabtanta kuma ta riƙe bakinta ta ci gwaji. Sannan ta dubi Maman Bitrus ta ce suna neman mai kwaikwayon 'yar'uwar mara lafiya mai faɗa, ko tana so?

Abin da na koya, a asibitin koyarwa ba mai farar riga kaɗai ke koyarwa ba, kowane hali akwai inda ake bukatarsa. Waccan muryar da kuke ji a ɗaki na gaba tana tsare ɗalibi da tambaya, Maman Bitrus ce. Ita ko horo ba a yi mata ba.