Rigunan da Rakia Ta Fara Daga Dama

Rakia 'yar kawuna ce, abokiyar wasata, don haka duk abin da na faɗa a kanta halal ne. A unguwar Mahjar ta Jidda aka haife ta, a Mahjar ta yi aure, kuma ina kyautata zaton keken ɗinkinta ya girmi tekun Jidda. Damagaram, garin ubanta, a bakin mutane kawai ta san shi. Larabci ta karanta. Hausarta kuwa, in ta fara magana da "ni dai", da "halas" ɗin Larabawa za ta rufe.

Akwai ƙungiyar mata a unguwarmu mai suna Zumunci, su goma sha biyu, 'yan Nijar da Cadi da Sudan. Shekara da shekaru Rakia na yi musu ɗinkin suna da na biki, amma ba a taɓa ce mata "shigo ki zauna" ba. Balarabiya suke kiranta. Takan yi dariya, ni kuwa na san inda abin yake taɓa ta.

Lokacin sanyin 1998 suka shirya tafiya Ɗa'ifa, can kan duwatsu. Aka sayo rigunan sanyi masu kauri a kasuwar Balad, irin waɗanda in ka sa a Jidda sai ka dahu. Kowacce ta kawo ƙyallen atamfar da ta zo da ita daga gida, a yanka sunan ƙungiyar a ɗinka a ƙirji. Shugabarsu Hajiya Zeinabou, wadda ta yi boko a Yamai, ta yanko haruffa bakwai a kwali, ta ɗora su kan juna, ta ce, "Na sama shi ne na farko, ki bi su ɗaya bayan ɗaya."

Rakia ta bi su. Sai dai daga dama ta fara, yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Sati biyu tana lanƙwasa bakin kowane harafi da allura. Da ta nuna min na ga ICNUMUZ. Ni a aji huɗu na tsaya, sai na ce ƙila Faransanci ne. Wannan laifin na ɗauka.

Tare muka kai kayan gidan shugabar. Hajiya Zeinabou ta ɗaga riga ɗaya, ta daɗe tana kallo.

"Rakia, mu daga hagu muke farawa."

Wata A'i ta ce, "Ai ga abin da ake samu in an ba Balarabiya aikin Hausa."

Rakia ba ta ɗago kai ba. Ta ce za ta farke su duka, ta fara tattarawa. Inna Mastura, tsohuwar cikinsu 'yar Sudan, ta zaro wata riga daga ƙasan ƙullin. Atamfarta ta koɗe, kuma babu wadda ta kawo irinta.

"Wannan ta wa ce, 'yata?"

"Zanen ummina ne. Shi kaɗai ya rage cikin abin da ta zo da shi daga Damagaram. Gwaji na yi."

Ƙarya take yi. Rigar nan ita ce ta goma sha uku, ita ta fi kowacce kyan ɗinki.

Inna Mastura ta dubi matan ta ce, "Cikinku wa ta iya boko?" Hannu biyu suka tashi, na A'i ba ya ciki. "To ni daga dama nake karatu, kuma abaya za mu ɗora a kai." Ta zura tata a cikin zafin nan, gumi na tsiyaya. "Zeinabou, motar nan tana ɗaukar sha uku?"

Hajiya Zeinabou ta ce tana ɗauka, amma tata rigar dole a gyara. Rakia ta gyara mata, har yau ana ganin sawun allura a ƙirjin.

Suna nan suna ce mata Balarabiya. Sai dai yanzu a zaune take jin sa, da kofin shayi a hannunta.