Mutumin da Ke Kife Takarda Kafin Ya Gwada Ƙafa

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ɗakinsa, na ƙarshe a sashen ƙafafun roba, dab da inda asibiti ke jibge karyayyun kujeru. Ya goge injinsa, sannan ya ɗora masa dunƙulen ƙarfe mai kilo ashirin, don ya ga ko injin ya koyi ƙarya daga jiya zuwa yau. Shekara ashirin da takwas ke nan. Ana ce masa Malam Ban-Yarda-Ba, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Kafin a sa wa mutum ƙafa, sai ya ɗaure ta a inji, ya danne diddige, ya danne gaba, ya auna taurinta da yawan ƙarfin da take mayarwa in an sake ta. Wadda ba ta mayarwa, mai ita zai yini kamar yana tafiya cikin yashi. Takardar kamfani kuwa kife ta yake yi sai ya gama. Wai in ya karanta, idonsa zai goyi bayanta.

Ta dalilin ƙanwata na san shi. Malamar firamare ce, ta rasa ƙafar hagu a hatsarin mota. Hedimasta ya ce in aka dawo daga hutu ba ta iya tsayuwa gaban allo ba, zai ba wani ajinta. Sai ga wata ƙungiya ta kawo kyautar ƙafafu arba'in, har an sa ranar ɗaukar hoto. Malam ya ce ba za a raba ba sai ya gwada, kuma kowa ya kawo takalmin da zai riƙa sawa.

"Yaya, ka yi masa magana mana," in ji ƙanwata. "Ƙafa na zo nema, ya ƙwace min takalmi."

Na tafi da zargina. A sanina, ma'aikacin da ke jan aiki wani abu yake jira.

"Malam, takarda ta ce an gwada su a can kamfani."

"An gwada su. Yaushe?"

"Ai da hatimi."

"Hatimin ne zai hau mata matakala? Zauna, ɗan boko."

Na zauna. Ya sa wa ƙafar da za a ba ƙanwata takalminta, ya danna, allurar injin ta haura, ƙafar ta tsaya ƙiƙam kamar itace. Ashe shekara uku kayan suka yi a sito ƙarƙashin kwano, zafi ya busar da robar. Goma sha ɗaya ya ware da ba su da kyau, har da tata. Masu shara sun ce tun daga baranda suka ji shugaban sashe yana faɗa wai sai Malam ya sa hannu a raba su, shi kuwa Malam yana maimaita, "Ranka ya daɗe, sa hannunka ya fi nawa kyau, ka sa." Shugaban bai sa ba. Aka ɗauki hoton da kwalaye a rufe. Malam ba ya ciki, kamar yadda ba ya cikin jerin ƙarin girma na shekarar, da ta bayanta.

Ya tono wata ƙafar, ya gwada ta sau uku, aka sa wa ƙanwata saura kwana biyu a koma makaranta. Ajin yana hannunta har yau.

Malam, kai ne wanda bai yarda da kowa ba don gurgu ya yarda da ƙasa in ya taka. Na zarge ka da kwaɗayi, alhali ko ruwan ɗakinka kai kake zuwa da shi daga gida. Ka yafe min. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da za ku gaji ɗakin, za a kawo muku kaya masu ƙyalli, a ce sauri ake yi. Ku tambayi waye ke saurin. A iya sanina, mai saurin bai taɓa zama wanda zai taka ƙafar ba.