Malam Sanda Masanin Dusa

Kullum ƙarfe bakwai na safe motar kamfani ke ɗaukar Malam Sanda Dikko daga unguwar Muhaisnah. Yakan zauna gefen taga da rigar sanyi a ninke kan cinya, ko da a watan Agusta ne, lokacin da zafin Dubai ke sa mutum jin haushin kowa. Idan ya sauka sai ya ratsa babban mol ɗin, ya wuce shagunan turare da ba su buɗe ba tukuna, ya tura wata ƙofa mai nauyi. A bayanta aka gina tudun ƙanƙara a ƙarƙashin rufi, inda mutane ke zamiya da dogayen alluna ɗaure a ƙafa. Aikinsa gwada wa baƙi takalma, da goge allunan, da shafa musu kaki. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana durƙuso gaban ƙafafun mutane.

A 2017 na san shi. Ina aikin kago, wato jigilar kaya, a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, abokan ofis suka shirya tafiya duwatsun Jojiya, ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba, na je tudun koyon zamiya. Yana ɗaure mini takalmi na ji ya ce a hankali, da Hausar Gumel tsantsa, "Allah ya sa mai ƙafar nan ya san abin da ya ɗauko." Dariya ta kusa kayar da ni daga benci.

"Wane dutse za ka, Alhaji?"

Na ce Gudauri, ina wani ɗaga kafaɗa.

Ya dubi gwiwoyina. "Gudauri dusar alkama ce, ga laushi ga zurfi. Amma dutsen tsirara yake, in hazo ya sauko ba ka gane sama da ƙasa. Gwiwar nan taka ta ofis ce. Je ka Bakuriani, dusar gero, ka bi shwaiya shwaiya, sannu a hankali."

Wallahi na ji haushi, amma na bi maganarsa. Na faɗi ya fi sau ashirin, na dawo da ƙashina cif.

Maganar dusa kuwa ba wasa yake yi ba. A gindin injin niƙan mahaifinsa ya tashi. Da ya ji Bahaushe na cewa "dusar ƙanƙara", sai ya ɗauki sunan da gaske. Ranar da ya fara aiki ya cire safar hannu, ya damƙi ta tudun, ya murza, ya ce dusar dawa ce. Tun daga nan ya raba duwatsun yankin kaf: Shahdag ta Azarbaijan dusar masara, mai ɗan tsakuwa da safe, Shimbulak ta Kazakistan kuwa sai ka ce an tankaɗe da rariyar laushi. Larabawa da Turawa ba su san me yake nufi ba, amma sun san in ya zaɓa maka dutse ba ka nadama.

Da na dawo na tambaye shi yaushe rabonsa da Bakuriani. Ya ci gaba da goge allo.

"Ban taɓa zuwa ba. Ko ɗaya ban taɓa zuwa ba."

Ashe daga bakin masu dawowa ya tara iliminsa. Ba ya neman hoto. Tambayarsa ita ce, in ka damƙe ta tana dunƙulewa ko tana zubewa? Sannan ya juya allon da ka kawo gyara, ya bi karce-karcen da yatsa. Hajiya Hadijatu, ma'aikaciyar jinya da ya koya wa tsayuwa a kan allo, ta taɓa cika masa fulas da ƙanƙarar Shahdag. Kafin ta iso Dubai ta zama ruwa. Ta ce ya daɗe yana shinshina fulas ɗin da idonsa a rufe, har ta ji kunyar yin magana.

Malam Sanda, kai ne ka aika ɗaruruwa zuwa inda kake mafarki, ka tsaya bakin ƙofa kana yi musu Allah ya kiyaye hanya. Kai ne ba ka taɓa nuna mana ƙyashi ba. Buri ɗaya ka taɓa faɗa mini: ka ga dusar nan tana saukowa daga sama da kanta, sau ɗaya, kafin ka koma gida.

A ƙarshen 2021 aikinsa ya zo ƙarshe. Takardar zamansa ta Dubai ce ke ba shi damar shiga Jojiya, kuma da an soke ta khalas, ƙofar ta rufe. Mu da ya taɓa yi wa hidima muka haɗa kai muka samo masa tikiti, hutun kwana huɗu kacal. Sai ga abin mamaki: mutumin da ke zaɓa wa wasu dutse cikin minti ɗaya ya yi sati uku ya kasa zaɓar nasa. Yau ya ce wannan, gobe ya ce wancan. Na ce, "Haba Malam, Disamba na tafiya." Daga ƙarshe ya ce Bakuriani, saboda akwai bishiyoyi, yana son ganin yadda take zama a kan reshe.

Kwana uku sama tana nan tas, shuɗiya, babu ko gajimare. Ni a Jebel Ali na kasa aiki, sai duba hasashen yanayi nake yi kamar manomi mai jiran shuka. Na ji tsoro ƙwarai ya dawo hannu rabbana. A rana ta huɗu da hantsi, motar filin jirgi na jiransa, saƙon murya ya shigo wayata.

"Alhaji, tana sauka. Tamu ta mol da rugugin inji take zuwa. Wannan ba ta da ƙara. Ko kaɗan ba ta da ƙara."

Mun gode, Malam Sanda, Allah ya saka maka da alheri, ya kai ka Gumel lafiya. Ku kuma masu karatu, duk aikin da ya faɗo hannunku ku san shi ciki da bai yadda ya san nasa, kuma ku riƙa tambayar masu yi muku hidima abin da su ma suke so.

Bayan ya gama magana ya manta bai tsayar da saƙon ba. Daƙiƙa arba'in suka biyo baya, babu komai sai numfashinsa. Har yau in cunkoso ya tsayar da ni a hanyar ofis, nakan kashe rediyo in saurari wannan wurin.