Injin Hammajoda Ba Zai Koma Ba

'Yata Fati ta haihu, Hammajoda. Mace ce, da ranta, uwar ma da ranta. Kai ya kamata ka fara jin wannan labari, ga shi ba ka nan, shi ya sa na sa shi a gaba tun kafin in gai da kowa. Jama'a, ku yi mini afuwa. Assalamu alaikum.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yunin 1960, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulsalami, wanda kowa ya sani da Hammajoda, shugaban ƙungiyar manoma da makiyaya ta unguwarmu da ke bayan Ƙofar Ran, a tsallaken rafi. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe a kwance ba. Tare muka yi kiwo muna yara, tare muka ajiye sanda muka zauna a bakin gari. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, shi ne ya fi kowa yi mini dariya, shi ne kuma yake kora mini shanu gida duk yammacin da nake aji. Ban san cewa ta'aziyyarsa zan rubuta da abin da na koya ba.

Wanda bai san unguwarmu ba zai ce ai a cikin Bauchi muke. Muna jin kiran sallar cikin gari. Amma har zuwa bara, tsakaninmu da ƙofar gari akwai kurmin sarƙaƙiya da farar ƙaya, turba ɗaya ce a cikinsa, ta mutum da jaki. Mota ba ta taɓa zuwa ƙofar gidan kowa ba. In ciwo ya kayar da mutum, sai a cire ƙyauren ɗaki a ɗora shi a kai. Kowace shekara mukan fita da adduna mu sare, ƙayar ta bushe a kan turba ta fi ɗanya mugunta. In mun sa wuta, ta haɗa da ciyawar shanu. Damina na sauka kurmin ya dawo kamar ba a taɓa shi ba.

Bara ofishin gona ya yarda a riƙa turo mana tarakta, ƙungiya kuma ta sayi abu ɗaya da za a riƙa maƙalawa a bayanta, don ƙarfinmu bai wuce ɗaya ba. Kusan kowa garma yake so, saboda gyaɗa. Kai kuwa, Hammajoda, ka miƙe ka ce injin share kurmi. Ɗanlarai, mai sayen gyaɗa, ya ce maka, "Malam, gyaɗa ake kaiwa kanti, ba garin ƙaya ba." Ka ce, "Ta wace hanya za ka kai ta kantin, Ɗanlarai? A kan hularka?" Aka yi dariya, amma ba a yarda ba. Sai da ka bi gida gida, har wasu suka riƙa ɓuya in sun ji tarinka a zaure. Ba zan ce kana da sauƙin kai ba. Ba ka da shi, Allah Ya gafarta maka.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar zaɓen injin. Malam Mansir, malamin gona, ya kai mu gonar gwaji ya nuna mana iri biyu. Ɗaya mai wuƙaƙe ne a ƙasa, tarakta na tafiya yana kwantar da duk abin da ya tarar, ga sauri. Ɗayan a tsaye yake aiki, yana da baki kamar na rumbu, sai an saro reshe an tura masa, ya niƙe ya feso ta gefe. Idon kowa ya tafi kan mai saurin. Kai kuwa ashe ka ɗauro damin sarƙaƙiyarmu a kan jaki tun daga gida. Ka ce ba za a gwada maka inji da karan dawa ba, a gwada shi da abokin gabarmu. Istifanus, direban taraktar, ya raba damin biyu, ya bi da kowane inji. Sai ka tuɓe takalmi. Ka taka abin da na farko ya bari, ƙaya ta shige ka, muna gani jini ya fito, ba ka ko yamutsa fuska ba. Ka zauna ka cire ta, ka tashi ka taka na biyun, ka je ka dawo, har ka ɗan yi rawa a kai. Malam Mansir ya yi ta dariya yana cewa shi ma yau ya ga gwajin da zai riƙa yi wa mutane. Ka ce, "Matanmu da 'ya'yanmu ba su da takalmi. Taya ma ba ta da shi. Wannan za mu ɗauka."

Ranin nan kaf a kurmi ka yi shi. Da mata suka yi ƙorafi cewa injin zai cinye musu itacen girki, ka hana a saka masa duk abin da ya kai kaurin hannu, ka sa ana jera musu a gefe su kwasa. Ɗorawa da kaɗanya ba a taɓa ko ɗaya ba. Niƙaƙƙen kuma ka sa aka shimfiɗa a kan hanya, aka haɗa da duwatsu aka danne taɓon bakin rafi. Kafin ruwan farko hanya ta fita tun daga ƙofar masallacinmu har bakin ƙofar gari. Saura ɓangaren rugagen da ke bayanmu, ka ce sai baɗi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar Alhamis muna zaune a ƙofar gidanka wurin sadakar uku, ko goro ba a gama rabawa ba, muka ji ƙarar tarakta. Istifanus ne da tirela. Ashe Ɗanlarai da wasu sun aika masa cewa ya zo ya ɗauki injin a mayar cikin gari a musanya da garma, tunda hanya ta fita, mai rigimar kuma ya tafi. Bawan Allah ya sauko yana sunkuyar da kai, ya yi mana gaisuwa, ya rasa inda zai sa kansa.

A daidai nan matata ta leƙo daga gidana ta kira ni da sunan da ba ta taɓa kira na da shi a gaban mutane ba. Fati, 'yata, tana aure a Gwallaga, kusa da asibiti. Amma cikin fari ne, aka dawo da ita gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowace 'ya. Tun asuba take naƙuda, kunya ta hana ta ko nishi, sai da ƙarfinta ya ƙare aka gane. Ungozomarmu ta ce abin ya fi hannunta. Istifanus bai jira an roƙe shi ba. Ya ce, "Baba, inji zai jira. Ku kawo tabarma da bargo." Aka kwantar da ita a tirelar da aka kawo don ɗaukar injinka. Zan faɗi gaskiya, yayyafi ake yi, kuma Ɗanlarai ne ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa mata suka yi mata rumfa. Na bi su a guje da tsufana. A bakin rafi na rufe ido, na ji tayoyin sun hau sun wuce.

Malama Roda, ungozomar asibiti, ta ce jaririyar a gicciye ta zo, da an yi jinkirin da aka saba yi a kan ƙyaure, da gawa biyu za a kawo musu. Bayan la'asar na ji kukan jikata. Ni da nake cikin makokinka, sai ga ni ina dariya a barandar asibiti kamar taɓaɓɓe. Ban ji kunya ba, kai ma da kana nan da ka fi ni.

Na ji an ce ranar Lahadi ƙungiya za ta zauna a kan maganar musanyar, wai har yanzu tana nan. To, ku ji daga bakina tun yanzu, ban yarda ba. Ɗanlarai, na gode da rigarka har abada, amma a kan wannan ba ma tare. Ku je ku duba gefen hanya, sarƙaƙiya ta riga ta fara toho da ruwan nan. Damina biyu ba inji, mun koma ɗaukar mutane a kan ƙyaure. Matan rugagen bayanmu kuma har yau a kansa ake ɗauko su, su ma 'ya'yan wasu ne. Gyaɗa mun noma ta da hannu tun kafin a haife mu duka, za ta jira. Ana ta cewa watan Oktoba za mu karɓi mulkin kanmu. Madalla. Mu fara da riƙe hanyar ƙofar gidanmu. Duk wanda zai ɗora injin nan a tirela, zai same ni zaune a kansa, sai dai ya haɗa da ni.

Allah Ya jiƙanka, Hammajoda. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk ƙafar da ta taka hanyar nan lafiya ta zama lada a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Dada Yelwa, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da 'yan ƙungiya baki ɗaya, har da waɗanda muke jayayya da su. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

An sallamo Fati, tana gidana. Suna sai Alhamis, amma ba sai kun jira ba. Mutanen Gwallaga, mutanen Ƙofar Ran, 'yan ƙungiya musamman, ku zo kafin Lahadi. Ku biyo ta sabuwar hanya, ku yi wa Dada Yelwa gaisuwa, sannan ku shigo gidana in ɗora muku yarinyar a hannu. Wanda ya ɗauke ta ya ji nauyinta, sai ya je taron ya faɗi abin da zai faɗa.

Hammawa,
Bayan Ƙofar Ran, Bauchi.